Tozo a Layin Damina

Aikin farko da aka danƙa mini a ofishin masu duba yanayi, a filin jirgin da ke bayan gari, ɗaurin takardu ne. Kowace safiya wajen ƙarfe tara inji zai tofo wata faffaɗar takarda, a soke ta a ƙusa jikin bango, a kan ta jiya. In wata ya cika sai in zare su duka, in daidaita bakinsu, in ɗaure da igiyar rama, in kai sito. Daga wannan sai shara da goge-goge. Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin. Sunana Hansai, mutuniyar Buji ce ni, amma kowa a filin nan Gwaggo yake ce mini, har wanda ya girme ni. Ban yi boko ba, allon ma iyakata ƙananan surori. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ku da kuke zaro waya daga aljihu ku ce ai ƙarfe huɗu za a yi ruwa, sai ku riƙa jin kamar aikin ba komai ba ne. To wa ya gaya wa wayar? Akwai wanda ya fita da ƙafarsa cikin rana ya buɗe akwati ya duba kwalba. A wurinmu wannan mutum shi ne Malam Ilu, dattijo siriri mai furfura a gemu, ɗan wajen Kafin Hausa. Shi ke awon safe, Litinin zuwa Asabar. Ranar Lahadi yana hutawa, wani abokin aikinsa ya karɓa.

A bayan ofis akwai wani fili da aka kewaye da waya, ni garka nake ce masa. A ciki akwai doguwar sanda mai ludayi uku a ka, suna juyawa in iska ta taso. Akwai mazurari a bakin tulun ƙarfe, na awon ruwan sama. Sai wani farin akwati mai ƙafa huɗu, jikinsa duk tsagi-tsagi don iska ta ratsa, ka ce akurkin kajin mai kuɗi ne. Cikinsa kwalabe biyu ne sirara na awon zafi. Ɗaya tsirara take, ɗaya an sa mata 'yar safa ta farin ƙyalle, jelar safar tana cikin wani ƙaramin kofi na ruwa.

Wata rana ina goge tagar da ke kallon garka na kasa haƙuri. Na ce, “Malam, ita waccan sanyi take ji aka sa mata safa?”

Ya yi dariya ya ce, “Gwaggo, kina da randa a gida?”

Na ce, “Biyu ma.”

“Yaushe ruwanta ya fi sanyi, da rani ko da damina?”

“Da rani mana. Da damina ai ruwan randa lami ne.”

Ya ce, “To kin gama karatun. In iska busasshiya ce, sai ta shanye ruwan safar, kwalbar ta yi sanyi kamar randarki, ta bar 'yar'uwarta can sama. In iskar tana da laima, sai su jera kusa da juna. Tazarar da ke tsakaninsu nake rubutawa in aika babban ofis.”

Daga ranar ya shiga uku da ni. Ni kuwa ba na ganin abu in wuce. Na ce masa kullum ina ɗaurin takardun nan kamar mai ɗaure damin da bai san hatsin ciki ba. Sai ya saukar da ɗaya ya shimfiɗa a tebur. Ya ce sunanta taswirar yanayi. Ya nuna mini ƙasarmu, ya nuna mini teku a ƙasa, hamada a sama. Kowane ɗan zagaye gari ne mai garka irin tamu. Ya sa farce a kan ɗaya ya ce, “Ga mu nan, Dutse.” Jikin kowane zagaye akwai ɗan tsinke mai gashi kamar na kibiya, yana nuna inda iska ta fito, yawan gashin kuwa ƙarfinta ne. Sai layuka masu lanƙwasa kamar kunyoyin gona. Ya ce su suna haɗa garuruwan da nauyin iskarsu ɗaya ne, kuma duk inda ka ga sun matsu da juna, to can iska tana gudu.

Na ce, “Tsaya, Malam. Iska tana da nauyi?”

Ya ce, “Sosai.”

Na ce, “Ashe shi ya sa wuyana ke ciwo. Shekara sittin ina ɗauke da kaya ba wanda ya gaya mini.”

Amma layin da ya fi shiga raina wani ne mai kauri, tsinke-tsinke, ya ratsa takardar daga gabas zuwa yamma. Malam Ilu ya ce nan ne iskar teku mai laima take karo da busasshiyar iskar hamada. Da rani yana kwance can kudu. In bazara ta shigo sai ya fara rarrafowa arewa, yau kaɗan gobe kaɗan, wani lokaci ya ja da baya. Sai ya wuce gari da 'yar tazara sannan ruwa ke biyo bayansa. Ni na raɗa masa layin damina, har 'yan ofis suka ɗauka. Manomiya ce ni tun ina goyo, kun ga kuwa dole kullum in leƙa in ga inda ya kwana.

Masu zuwa neman takardar nan direbobin jirgi ne. Lokacin jigilar alhazai manyan jirage ke zuwa, su waɗannan ba ka cika ganin direbobinsu ba, aike suke yi. Wanda na sani sosai Kyaftin Umaru ne, mai ƙaramin jirgi da ke kai ma'aikatan asibiti da kwalayen magani wasu garuruwa na nesa. Dogo ne, mai son goro. Yakan shigo ya ce, “Gwaggo, an tashi lafiya? Yau me sama ta ce?” In ce, “Ta ce a gaishe ka.” Sai ya jingina da tebur ya ɗora yatsa a kan Dutse, ya ja shi a hankali har inda za shi. Abu uku yake nema. Iska a fuska za ta tare shi ko a baya za ta tura shi? Ina hadari zai haɗu, kuma da wane lokaci? In ya isa ya kasa sauka, wane gari zai juya? Da amsar nan yake auna man da zai sha. Ya taɓa ce mini, “Gwaggo, ba gidan mai a sama. Amma duk man da na ƙara don tsoron hadari, sai na sauke mutum ko kwali a madadinsa.” Har zafi yana cikin lissafinsa, don ya ce iska in ta yi zafi ba ta da ƙashi, ba ta tallafar jirgi da kaya mai yawa. Kun ga ashe kwalba mai safa tana da hannu a kan wanda zai hau da wanda za a bari a ƙasa.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ruwa ya yi jinkiri. Dattijon da ke yankan ciyawar garka ya ajiye aiki, sai aka miƙo mini makulli aka ce in riƙa kula da ita. Ciyawar ma duk ta ƙone, sai ƙasa tsirara da kashin tsuntsu. Ni kuwa ba a haife ni in ga fili haka in wuce ba. Kuma wace mace ce za ta sa tsintsiya a busasshiyar ƙasa ba ta yi yayyafi ba? Uwata da ta gan ni da ta ci mini mutunci. Da na sauka daga motar ma'aikata ƙarfe shida da 'yan mintoci, sai in tari bokiti biyu a famfo in yayyafe garka lungu-lungu, in share har tsintsiya ta bar zanenta. Bokiti na uku na farin akwati ne. In kwara masa a ka, in bi tsagin nan ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin bakwai na gama, sai Malam Ilu ya shigo da littafinsa. Har yabo na sha. Yakan ce, “Gwaggo, garkar nan ai sai a shimfiɗa tabarma a ci tuwo.”

Ba a jima ba taswira ta fara fitowa da abin mamaki. Layin damina yana can kudu, ya miƙe abinsa, amma da ya zo daidai mu sai ya yi tsalle ya lanƙwaso ya rungumo Dutse, sannan ya koma. Kamar tozon bijimin sa. Awon da Malam Ilu ke aikawa ƙarfe bakwai yana cewa iskarmu ta yi laima, garuruwan da ke kewaye da mu kuwa duk a bushe. In rana ta take, awo ya koma daidai da na kowa. Washegari tozo ya dawo.

Da farko murna aka yi, an ce damina ta leƙo. Kyaftin Umaru ya shiga ƙara mai yana rage kaya, yana kuma gaggawar dawowa kafin la'asar don gudun hadari. Sau uku yana barin kwalayen magani a ƙasa, sau ɗaya har da wata ma'aikaciyar jinya da jakarta a hannu. Hadari ko na rantsuwa bai haɗu ba. Ranar da ya gaji ya buga tebur ya ce, “Malam Ilu, wannan laimar taka a ina take? Ni ina hawa sama, ban gan ta ba. Leɓena ma fashewa yake.” Ya rubuta ƙorafi.

Babban ofis ya aiko da sababbin kwalabe, aka canza. Tozo yana nan. Sai suka zauna suka duba, suka ga abin da ya ɗaure Malam Ilu: duk ranar Lahadi, ranar da ba shi ke awo ba, babu tozo. Takarda ta zo cewa ana zargin ba ya fita garka, a zaune yake ƙirƙiro lamba daga kansa. Za a turo mai bincike ranar Alhamis, in ta tabbata a sallame shi. A aikin nan ba laifin da ya kai wannan. Mutumin da ya kusa shekara talatin yana buɗe akwati, ko zazzaɓi yake sai ya fita, saura masa kaɗan ya huta da mutuncinsa. Ya karanta takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, “Allah ya sani,” ya ɗauki butarsa.

Ni dai tun farko tozon nan bai kwanta mini ba. Gawon da ke bayan shinge ganyensa shar, bai fara zubarwa ba. Shamuwa ba ta iso ba. In na shanya zane kafin in juya ya bushe. Takarda ta ce damina ta zo Dutse, jikina ya ce ƙarya ne. Amma na san Malam Ilu ba ya ƙarya, don ta taga nake ganinsa kullum yana buɗe akwatin.

Ranar Laraba da azahar aka ce in fito da ɗaurin wata biyu daga sito, mai bincike za ta duba. Na kwance igiya don in kakkaɓe su. Ban iya karanta kwanan wata ba, amma tozo na san shi, kuma na iya ƙirga. Na shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Shida da tozo, ɗaya babu. Shida da tozo, ɗaya babu. Haka har na zo wani mako, sai na ga biyu da tozo, ɗaya babu, uku da tozo, ɗaya babu. Na mayar na sake ƙirgawa da yatsu. Litinin, Talata, sai Laraba ba tozo. Wace Laraba ce wannan?

Na leƙa ofis na ce, “Malam, akwai Larabar da ba kai ka yi awo ba a watan jiya?”

Ya ce, “Babu. Ni dai na tuna Larabar da kika tafi suna Buji, don ranar na ce garka ta yi kewarki. Kashin tsuntsu har kan akwati.”

Na koma sito na zauna a kan ɗaurin takardu. Ranar Lahadi ba Malam Ilu kaɗai ke hutu ba, ni ma ina hutu. Randa! Ni da bakina na ba shi amsar randa, na kuma je na mai da akwatin gwamnati randa, kullum bokiti uku.

Da yamma ɗana Sale ya zo ɗaukata a adaidaitarsa, a wurinsa nake zaune tun rasuwar mahaifinsa. A hanya na gaya masa. Ya rage gudu ya ce, “Inna, ki rufa wa kanki asiri. Gobe kawai kada ki yi yayyafin. Tozo ya ɓace, kowa ya huta, ba wanda ya san ke ce.”

Na ce, “Kai dai tuƙi ka iya. In tozo ya ɓace ranar da mai bincike ta tsaya a kansa, me za ta ce? Cewa za ta yi da ma ƙirƙira yake, yau da ya ga ido ya yi na gaskiya. Shiruna shi zai kore shi.”

Ya ce, “To in ke aka kora fa?”

Na ce, “Sai ka ƙara awon hatsi a gida. Dubi gabanka, ga akuya.”

Alhamis tun shida da rabi mai binciken ta iso, Hajiya Binta, gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta ce za ta tsaya ta ga yadda Malam Ilu ke awo. Na tare su a ƙofar garka da bokitaina uku cike, ban zuba ko ɗigo ba. Na durƙusa na gaishe ta na ce, “Hajiya, ina da roƙo. A yi awon nan sau biyu. Ɗaya yanzu, ɗaya in na gama aikina.”

Ta dubi Malam Ilu ta ce, “Wace ce wannan?”

Ya ce, “Gwaggo Hansai ce, mai mana shara.”

Ta ce, “Iya, ba wasa ya kawo ni ba.”

Na ce, “Ni ma da girmana ban zo wasa ba, 'yar nan. Ki duba kwalaben da idonki.”

Ta buɗe akwati ta duba, ta rubuta. Mai safa tana can ƙasa, ta bar 'yar'uwarta nesa. Sai na ɗaura ɗankwali na yi abin da na saba, ban rage komai ba. Na yayyafe ƙasa, na share, na kwara wa akwati bokitinsa, na bi tsagi da tsumma. Tun ina bokiti na biyu na ji Malam Ilu ya ce, “Innalillahi.” Da bakwai ta yi Hajiya ta sake buɗewa. Mai safa ta hauro kusa da 'yar'uwarta. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Ta juya ta ce, “Malam Ilu, shekara nawa kana aikin nan? Ƙasa jiƙe a gabanka wata biyu, akwati yana ɗiga, ba ka gani ba?”

Ya ce, “Hajiya, wallahi idona ya gani. Tun ina yaro haka nake fitowa in tarar da tsakar gida da safe, an yayyafa an share. Ban taɓa kallonsa a matsayin ruwa ba. Tsabta na gani.”

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Can ta ce, “Ni ma da na shigo na tarar an gama, da sannu da aiki zan ce mata.”

Ta tambaye ni yadda aka yi na gane. Na kai ta sito na baje mata takardu, na ƙirga mata shida da ɗaya, shida da ɗaya, har Larabar suna. Ta ce su ma sun ga Larabar nan a can, sai suka ɗauka ranar ce kaɗai ya fita da gaske. Na ce ai da sun tambayi wanda ya je Buji.

Kwana uku ta yi tare da mu, ta hana ko ɗigon ruwa shiga garka in ban da na kofin safa. A gabana ta rubuta rahotonta, ta karanta mana da Hausa. Ba ƙirƙira, ba sallama. Malam Ilu ya sami takardar jan kunne don sakaci, ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa aka bar mini makullina, amma aka raba ni da bokiti. Shara a bushe, akwati da busasshen tsumma, wanka sai sau ɗaya a wata, da izini, bayan an gama awo. Na ce mata sharar da ba yayyafi ai ba shara ba ce. Ta ce in yi haƙuri, haka jirgi yake so.

Ranar Asabar, kafin ta tafi, inji ya tofo taswirar safe. Muka taru a kanta, har da Kyaftin Umaru da goronsa a kunci. Layin damina ya miƙe sambal daga gabas zuwa yamma, can kudu da mu, Dutse tana zaune a busasshen gefe tare da maƙwabtanta. Kyaftin ya ja yatsarsa a kai, ya leƙa waje ya ce a loda kwalayen duka, har da na makon jiya.

Malam Ilu ya ɗauki taswirar. Ya soke takardar a ƙusa, ya daɗe yana gyara mata zama, sannan ya ce ba tare da ya juyo ba, “Gwaggo, kin mai da daminar inda kika ɗauko ta.”

Na ce, “Na mayar, Malam. Sai Mai ita ya kawo.”